Gonar Duriyan da Manggis a Tsaunukan Penang: Sharhin Wanda Ya Je Ya Ɗanɗana

Baƙon da ya sauka tsibirin Penang na ƙasar Malesiya hutu, wurare uku ake fara lissafa masa: tsohon garin George Town da hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2008, da tsaunin da ake hawa da ɗan jirgin ƙasa, sai bakin tekun Batu Ferringhi. Gonakin 'ya'yan itatuwa da ke bayan tsibirin, tsakanin Teluk Bahang da Balik Pulau, ba kasafai suke zuwa a sahun farko ba. A ganina su ya kamata a sa gaba. Ziyarar ta ci kuɗinta, ta kuma ci wahalar hanyarta, amma da sharaɗi biyu: mutum ya je a kan lokaci, kuma ya dace da ɗan jagoran da ya san bishiya da hannunsa, ba wanda ya haddace bayani ba.

Ƙanwata ce ke karatun digiri na uku a Jami'ar Kimiyya ta Malesiya da ke Gelugor, muka kai mata ziyara ni da maiɗakina da yara a cikin watan Yuni. Ina da ɗan lambu a gefen Zariya, mangwaro da gwaiba da 'yan bishiyoyin lemo, saboda haka da ta ce "Yaya, akwai inda zan kai ka, ba za ka so fitowa ba," na san inda ta dosa. Daga George Town bas mai lamba 101 yana kai mutum Teluk Bahang. Daga nan hanya take fara hawa, ta wuce madatsar ruwa, ta shiga lanƙwasa bayan lanƙwasa cikin kurmi. Mu motar haya muka kira ta waya. Zuwa babu matsala, dawowa ce aiki, domin direbobi ba sa son hawowa tsaunin babu fasinja. Wanda zai je ya daidaita da direbansa tun daga ƙasa, ko ya jira shi ko ya dawo ɗaukarsa.

Tikitin shiga ya haɗa da zagayen gona tare da ɗan jagora, da farantin 'ya'yan itace, da kofin ruwan 'ya'yan itace wanda ake matsewa a gabanka. Duriyan, ƙaton ɗan itacen nan mai ƙaya da wari, ba ya ciki. Shi sai a ɗora a sikeli, a biya gwargwadon kilo da kuma irinsa.

Wanda ya zagaya da mu dattijo ne siriri, da 'yar wuƙa a aljihun riga da tawul a wuya. Pak Cik kowa ke ce masa. Bai cika surutu ba, sai dai ba ya wuce bishiya bai taɓa ta ba. Zai murza ganye ya miƙo maka ya ce shinshina: wannan kirfa, wancan kanumfari. Yarana sun san kanumfari a shayi da kunun gyaɗa, ba su taɓa sanin tohon fure ne da ake tsinkewa kafin ya buɗe a shanya shi ba. A gindin bishiyar gyaɗar ƙamshi ya tsinko ɗa guda mai ruwan ɗorawa, ya tsaga shi biyu. Ƙwallon na ciki, an lulluɓe shi da wata jar saƙa mai sheƙi, ja wur. Ya ce kayan yaji biyu ne a ɗa guda, jar saƙar daban ake busarwa, ƙwallon daban, kuma naman da ke waje ma ba a zubarwa, ana jiƙa shi da sukari ko a yi abin sha da shi. Asalin bishiyar daga tsibiran Banda ne na Indonesiya. Turawan Ingila suka kawo ta nan tare da kanumfari bayan da Francis Light ya karɓi tsibirin daga hannun Sarkin Kedah a 1786, suna neman karya kanekanen da 'yan Holan suka yi a cinikin kayan yaji. Har yau Balik Pulau da ita aka san ta. Abin shan nata yana da ɗan bauri da ƙamshi mai hawa hanci, ni dai ya yi mini, maiɗakina kuwa kurɓi ɗaya ta ajiye.

Rambutan ya fi burge yara, jajaye masu gashi, rataye cunkus a reshe. Ana matsa ɓawon da babban yatsa ya tsage, farin nama mai ruwa ya fito. Amma ni manggis ne ya tafi da ni. Ɓawonsa mai kauri ne, launin shunayya mai duhu, ciki kuwa ɓangarori farare tas masu taushi, zaƙi da ɗan tsami daidai wa daida. Pak Cik ya juya ɗaya ya nuna wa ɗiyata wata 'yar alama mai kamar fure a ƙasansa, ya ce ta ƙirga kunnuwan. Ta ƙirga shida. Ya buɗe, ɓangarori shida cif. Ta sake gwada wani, haka. Ya gargaɗe mu da ruwan ɓawon, in ya taɓa farin tufa ba ya fita, shi ya sa wasu otal-otal ke hana shiga da shi ɗaki.

A nan na yi tambayar da duk mai lambu zai yi: zai yi a wurinmu? Bai ba ni amsa kai tsaye ba, ya ce, "Wata nawa kuke yi babu ruwan sama?" Na ce yakan kai shida, har da iska mai bushewa da hazo. Ya girgiza kai. Penang tana samun ruwan da ya haura milimita 2,000 a shekara, kuma babu watan da yake ɗaukewa ɗungurungum. Mu namu bai wuce kusan rabin haka ba, kuma a dunƙule yake zuwa. Manggis yana iya shekara takwas zuwa goma kafin ya fara haihuwa, kuma ba ya jure bushewar iska. Na ji daɗin gaskiyar da ya faɗa mini, alhali akwai dashen a tukwane ana sayarwa a bakin ƙofa.

Sai ya kai mu wata 'yar bishiya da ba ta fi tsayin mutum ba, mai ƙananan 'ya'ya jajaye. Ya ba kowa ɗaya, ya ce a tsotsa a juya shi a kan harshe kafin a tofar da ƙwallon. Babu wani ɗanɗano na a zo a gani. Daga nan ya yanka lemon tsami ya rarraba. Ƙaramin ɗana ya lasa yana yamutsa fuska tun kafin ya kai baki, sai ga shi ya buɗe ido yana neman ƙari. Tsamin ya koma zaƙi zalla. Wani sinadari ne a cikin ɗan, mirakulin, yake manne wa harshe ya sa duk abu mai tsami ya zama mai zaƙi, yakan ɗauki rabin awa zuwa awa guda kafin ya sake ka. Da Pak Cik ya ji daga Najeriya muke, ya yi dariya ya ce ai wannan taku ce, daga Afirka ta Yamma aka kawo ta. Gaskiya ne. Tana fitowa a kurmin Gana da Benin da kudancin Najeriya, Yarbawa na kiranta agbayun. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, a ce itacen ƙasarmu sai da na ƙetare teku na gan shi an yi masa allo ana karɓar kuɗi a kansa.

Duriyan shi ne dalilin da ya sa na ce a je a kan lokaci. Kakarsa a Penang daga wajen ƙarshen Mayu ne zuwa Agusta, ta fi kankama a Yuni da Yuli. Bishiyoyin dogaye ne sosai, kuma tun daga nesa za ka hango raga shimfiɗe a tsakaninsu, wasu 'ya'yan kuma an ɗaure su da igiya a jikin reshe. Manoman Malesiya ba sa tsinke duriyan. Sai ya nuna a kan uwarsa ya faɗo da kansa, galibi cikin dare, raga ko igiya ta tare shi kada ya fashe ko ya gangara kwari. A Tailan yankowa ake yi tun bai ƙarasa ba don ya jure tafiya, shi ya sa nasu ya fi tauri kuma warinsa bai kai ba. Furen ma da dare yake buɗewa, jemagu ke yi masa barbara, daga nan a jira wata uku zuwa huɗu. Abu ne mai ƙaya ko'ina, nauyinsa kilo ɗaya zuwa uku, don haka in aka ce kada ka tsaya ƙarƙashin bishiyar da ba ta da raga, ka ji magana.

Batun wari kuwa, ba a yi ƙarya ba. An hana shiga da shi jirgin ƙasa na Singafo, otal-otal da dama suna da hotonsa a ƙofa an ja masa jan layi. Amma wanda ya tashi a gidan da ake kaɗa miya da daddawa ya san cewa hanci daban, baki daban. Pak Cik ya ɗauko ɗaya da ya faɗo da asubar ranar, irin da ake kira Ang Hae, ya ƙwanƙwasa shi da bayan wuƙa yana saurare, ya shinshina, sannan ya sa tsinin wuƙar a gindinsa ya murɗa, ya rabe gida-gida. Naman launin ruwan goro-goro ne mai haske, laushi luƙui, yana narkewa a baki: zaƙi da maiƙo da farko, can ƙarshe wani ɗan ɗaci mai daɗi ya biyo baya. Ya ce ɗacin nan shi masana ke nema, kuma tsofaffin bishiyoyi suka fi ba da shi. Na taɓa ɗanɗana wanda aka naɗe a leda a babban kanti a Kuala Lumpur, ban ga abin da ake zuzutawa ba. Na wannan gonar wani abu ne dabam. Ƙanwata ta ci, ni na ci har na ƙara, babbar ɗiyata ta gwada ta ce ya isa, maiɗakina ta koma can gefe da manggis ɗinta. Akwai kuma irin da ake kira Musang King da Ochee, waɗanda suka fi tsada, kuma tun da ƙasar Sin ta buɗe ƙofa ga duriyan na Malesiya wanda ba a daskarar ba a 2024 masu neman su sun ƙaru. Shawarata ga sabon shiga, ya fara da ƙaramin ɗa na irin gida mai araha, in ya karɓe shi sai ya hau sama. Bayan an ci, mutanen wurin sukan zuba ruwa a cikin ƙwaryar ɓawon su sha, wai yana rage zafin jiki, sannan a bi da manggis.

Abin da na fi ƙaruwa da shi a matsayina na mai lambu ba ɗanɗano ba ne. Kusan kowace gwaiba a gonar an sa mata 'yar jaka tun tana ƙarama, nangka kuma, wani ƙaton ɗan itace da guda ɗaya kan kai kilo ashirin, buhu ake zura masa. Dalili shi ne ƙudan 'ya'yan itace, wanda ke huda fata ya saka ƙwai, tsutsa ta cinye ciki. Wannan ƙudan na Asiya ya shigo Afirka tun farkon shekarun 2000, kuma duk mai mangwaro ko gwaiba a wurinmu ya san ɓarnarsa, ko da bai san sunansa ba: ɗa mai kyau a ido, ka yanka ka tarar da ruɓa. Jakar takarda da zare kawai suke sa wa, babu feshi a jikin ɗan. Ya kuma nuna mini yadda suke yi wa duriyan aure, kusan yadda muke yi wa mangwaro, ya ce na ƙwallo sai ya shekara bakwai zuwa goma kuma ba ka san me zai haifa ba, mai aure kuwa cikin shekara huɗu zuwa shida ya fara, kuma irin uwarsa zai ba ka. Mun fi minti ashirin a tsugune gaban wani dashe yana nuna mini inda ake yanka da yadda ake naɗewa, ba ya gaggawa.

Inda gonar ta gaza shi ne farantin ƙarshe. Bayan duk abin da muka gani a reshe, sai aka kawo mana kankana da abarba da gwanda sun cika fiye da rabin faranti, abubuwan da ke kowace kasuwa, kuma da alama tun safe aka yanka su. Manggis da rambutan 'yan ƙwarori ne a gefe. Wanda ya biya kuɗi ya hau tsauni ya cancanci a ba shi abin da gonar ta haifa a makon. Allunan sunayen bishiyoyi da yawa sun koɗe, ba sa karantuwa. Na kuma lura da wata tawaga da ke bayanmu, wani matashi ne ke jansu, ya wuce da su cikin ɗan lokaci yana nuni da yatsa daga nesa. Kuɗi ɗaya muka biya da su, amma ba abu ɗaya muka samu ba. In ka isa, ka nemi a haɗa ka da ɗaya daga cikin dattawan, ko da za ka ɗan jira.

Sauro akwai shi sosai, kuma a ƙasar da ake fama da zazzaɓin dengi ba abin wasa ba ne, a shafa magani a sa doguwar riga. Hanyoyin cikin gonar masu gangara ne da santsi in an yi ruwa, ba zan kai tsoho mai ciwon gwiwa ba. Zuwan safe ya fi, kafin rana ta take kuma kafin hadarin yamma. Mun sami wuri mai tsabta mun yi sallar azahar a can, a Teluk Bahang ma akwai masallaci. Gargaɗi ɗaya da ban ji an yi mana a gonar ba, kuma ya kamata a riƙa yi: belimbing, ɗan itacen nan mai kusurwa biyar da ake yankawa ya fito kamar tauraro, yana da haɗari ga mai ciwon ƙoda, ko ɗansa ko ruwansa. Yana cikin jerin abin da ake matsewa a wurin. Mai ciwon sukari kuma ya yi hattara da duriyan.

A shagon bakin ƙofa mun sayi man gyaɗar ƙamshi na shafawa da busasshen namanta mai sukari, su ne tsarabar da ke jure tafiya. Dashe da ƙwallaye na bar musu, domin shiga da tsiro wata ƙasa sai da takardar hukumar kula da lafiyar tsirrai, kuma na riga na ji abin da hunturunmu zai yi musu. Jakar gwaiba ce na sa aka ba ni guda ɗaya, na kawo wa mai kula mini da lambu ya ga yadda ake ɗinka bakinta.