Madubin USB da kwandala mai ninkin rubutu: inda yake da amfani da inda yake ruɗin ido

Ƙaramin madubin ƙara girman nan da ake jona wa kwamfuta ta USB, mai ɗauke da 1000x (wato ƙara girma sau dubu) a jikin kwalinsa, shi wasu masu tara tsoffin kwandaloli ke fara saya idan suka shiga farautar kuɗi masu ninkin rubutu. Na yi aiki da shi a kan kwabban Amurka masu hoton Lincoln. Wajen ɗaukar hoto ya biya kuɗinsa, amma ban yarda a bar masa yanke hukunci shi kaɗai ba.

Ninki na gaske ba lokacin buga kwandala yake samuwa ba, tun wajen haɗa hatimin ƙarfen da ake buga ta da shi ne. A da, gidan buga kuɗi na Amurka sai ya danna uwar hatimi a kan hatimin fiye da sau ɗaya kafin zane ya zauna. In aka samu 'yar gocewa tsakanin dannin farko da na biyu, sai zanen ya fito biyu, kuma duk kwandalar da hatimin ya buga za ta ɗauko wannan ninki iri ɗaya sak. Haka aka samu kwabon 1955 na Filadelfiya, wanda shekararsa da LIBERTY da IN GOD WE TRUST duk a ninke suke, ko ba gilashi ana gani. Kimanin 20,000 zuwa 24,000 ne suka shiga hannun jama'a.

Akwai kuma ninkin inji. Shi hatimi ne ya yi sako-sako, ya zame lokacin bugu, ya kankare gefen harafi. Wannan bai ƙara wa kuɗi ko sisi. A ninki na gaske, siffofin biyu duk a tashe suke, masu kumburi, harafin ya ƙara kauri, kusurwoyinsa sun tsage gida biyu. A na inji kuwa, siffa ta biyu shafaffiya ce kamar matakala, tana sheƙi, harafin kuma ya rame domin daga jikinsa aka yanko ta.

To a nan ne madubin ke cutar mai shi. Fitilun LED da aka zagaye bakinsa da su suna haskowa ta ko'ina lokaci guda, sai inuwa ta ɓace, alhali inuwar ce ke nuna tudu da kwari. A kan kwabo mai ƙyalli ma abin ya fi muni, don kowane harafi sai ya yi layin haske biyu a gefensa, mutum ya ɗauka ya yi tsintuwa. Maganin shi ne a kashe fitilun gaba ɗaya, a kawo fitilar tebur guda ɗaya daga gefe, ƙasa-ƙasa, a sa farar takarda tsakaninta da kuɗin don hasken ya yi laushi. Sannan a riƙa juya kwandalar kaɗan-kaɗan har ta zagayo. Ninki na gaske yana nan inda yake ko ta ina haske ya zo. Na ƙarya bin fitila yake yi.

Maganar 1000x kuma talla ce. Girman da ke da amfani bai wuce 20x zuwa 50x ba. Da an haura haka, rabin lamba ɗaya kawai ake gani, kowane ƙarzane ya zama abin kallo. Sandar da ke riƙe shi ma ba ta da ƙwari, da ka taɓa wajen daidaita gani sai hoton ya yi rawa. Shi ya sa gara a fara da gilashin hannu mai 10x irin na masu zinare. Abin da bai fito a 10x ba, da wuya ya zama mai tsada.

Inda na yaba masa sosai shi ne kwabon 1969-S, wanda shi ma akwai mai ninki na gaske a cikinsa; S ɗin harafin gidan buga kuɗi na San Francisco ne. Har zuwa 1989 da hannu ake buga harafin gidan kuɗi a kan hatimi, bayan an gama danna zane. Ke nan a sahihin kwabon, shekara da rubutu a ninke suke amma S ɗin guda ɗaya ce. In ka ga S ta ninku ta ɓangaren da lambobi suka ninku, ninkin inji ne. A allon kwamfuta wannan yana fitowa ɓaro-ɓaro. Haka yake taimakawa wajen gano tsufan hatimi, irin 'yar inuwar nan mai dishi-dishi a gefen 5 ta ƙarshe a wasu kwabban 1955, da kuma tsagewar fentin jan ƙarfe a kwabban bayan 1982, inda launin toka ke leƙowa kusa da haruffa. Su ma ba ninkin hatimi ba ne.

Jabu kuwa madubi bai isa ya kama shi shi kaɗai ba. Sai an haɗa da sikeli mai auna 0.01 na giram: kwabban 1955 da 1969 da 1972 (ita ma shekara ce mai kwabo mai ninki) nauyinsu giram 3.11 ne, na bayan 1982 kuma 2.5. Daga nan a ajiye hotonka gefe da gefe da hoton sahihi, a nemi ƙananan tabban da ke jikin wannan hatimin, a gaba da baya. In komai ya dace, a tura wa kamfanonin tantance kwandaloli, PCGS ko NGC ko ANACS, su tantance su rufe shi cikin robarsu. Kafin nan kada a wanke shi, kada a goge, ko da da tsumma mai laushi ne, domin gogewa tana karya farashi. A riƙe shi ta baki-baki, a sa shi a jakarsa shi kaɗai.