Epidiolex a kan farfaɗiyar Dravet: yana ragewa, ba ya warkarwa

A mafi yawan yaran da ke fama da farfaɗiyar Dravet, wata farfaɗiya mai tsanani da ke farawa tun yaro na jariri, matsalar tana cikin ƙwayar gado mai suna SCN1A. Ita ce ke ƙera ƙofar da sodiyam ke bi ya shiga jijiyoyin da ke taka wa ƙwaƙwalwa birki. Idan ƙofofin suka yi ƙaranci, birkin ya yi sanyi, sai farfaɗiya ta riƙa tashi. Shi ya sa magungunan farfaɗiya carbamazepine da phenytoin, masu toshe wannan ƙofa, kan ƙara dagula lamarin.

Maganin Epidiolex ba ya gyara ƙwayar gadon. Ruwan cannabidiol ne da aka tace daga tabar wiwi, ba ya bugarwa, an narkar da shi a man riɗi, miligiram 100 a kowace mililita. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2018. A gwajin 2017 kan yara da matasa 120, farfaɗiyar jijjiga ta sauka daga kusan sau 12 a wata zuwa kusan 6. Ga iyayen da ba sa barci da dare, wannan sauƙi ne na gaske, amma kashi 5 cikin ɗari kaɗai ne suka daina faɗuwa gaba ɗaya a lokacin gwajin.

Ana farawa da miligiram 2.5 ga kowane kilo, safe da yamma. Yaro mai kilo 20 ke nan rabin mililita a sirinji. Bayan mako guda a ninka. Iyakarsa miligiram 10 ga kilo, sau biyu a rana.

Inda muke ganin ana tuntuɓe shi ne haɗa shi da wasu magungunan farfaɗiya. Da valproate, sinadaran hanta na hawa, don haka dole a gwada jini kafin farawa, sannan a wata na 1, na 3 da na 6. Da clobazam kuwa, Epidiolex yana rage saurin hanta wajen narkar da clobazam ɗin, ragowarsa ta taru kusan ninki uku a jini, yaro ya wuni yana gyangyaɗi. Sau da yawa clobazam ɗin likita zai rage. Abinci mai maiƙo yana ninka shigar Epidiolex jiki kusan sau huɗu. Idan yau a kan abinci, gobe a kan yunwa, aikinsa ba zai daidaita ba. Gudawa da rashin cin abinci sun zama ruwan dare ga masu shan sa.

Kwalbar da aka buɗe, mako 12 ne wa'adinta. Kada a tsayar da shi farat ɗaya, kuma mai borin jini da riɗi ba nasa ba ne.