Gyaran waya ko zane a kwamfuta? Ni dai ga abin da zan zaɓa maka

Assalamu alaikum. Ƙanena da ka ce ka tara naira 250,000, kana tsakanin shiga koyon gyaran waya da sayen laftof ka koyi zanen fosta da katin biki: tafi gyaran waya. Da shi nake ci da iyalina a Kano. Laftof ma ina da ita, tana can ƙasan durowa, sai in za a yi wa waya filashin, wato sake ɗora mata manhajar da ke tafiyar da ita, ake tunawa da ita.

Babban dalilina shi ne, a gyaran waya ba kai ke neman kwastoma ba, shi yake zuwa da ƙafarsa, hankalinsa a tashe. Mutum zai iya haƙuri da tsohuwar rigarsa har Sallah ta zagayo, amma ba zai kwana biyu babu waya ba. Tun ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a farkon 2023, lokacin canjin naira, mai shayi da mai tsire da mai adaidaita sahu duk suka koma karɓar tiransifa. Wayar ta zama bankinsu, ta zama littafin bashinsu. A watan Yunin shekarar kuma aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta tashi, sabuwar waya ta yi tsadar da talaka ba ya iya tunkararta. Wanda a da in sikirin ya fashe sai ya jefar ya sayi wata, yanzu lallaɓa ta yake yi, ya kawo a canja masa sikirin, bayan wata biyu ya dawo da matsalar bakin caji. Ka shiga kasuwannin waya na Kano, Farm Centre ko titin Beirut, da hantsi ka ga yadda ake tsayuwa a kan masu gyara. Haka abin yake a Banex ta Abuja da Computer Village ta Ikeja. Kuma kuɗin hannu da hannu ne: ka gyara, ya kunna ya gani, ya biya.

Lokacin da nake yaron shago, wata baiwar Allah mai sayar da atamfa ta kawo wata Tecno da ta mutu murus. An riga an kai ta wurare biyu, duka sun ce fanel, wato allon cikin waya da ke ɗauke da ƙananan kayan lantarkinta, ya ƙone, ta haƙura. Ita kuwa ba wayar ce ta dame ta ba, duk lissafin matan da suka ɗauki kaya bashi yana ciki. Maigidana, Allah ya saka masa da alheri, bai ce mata komai ba. Ya buɗe, ya cire batir, ya jona fanel ɗin da na'urar ba da wuta, sai muka ga allura ta yi sama tun ba a danna komai ba. Ya ce da ni, "Ka gani? Akwai inda wuta ke zurarewa." Ya narka ƙaro da bakin ƙarfen like, ya bar hayaƙinsa ya lulluɓe fanel ɗin har ya yi fari fat kamar an barbaɗa gari, sannan ya sake ba shi wuta kaɗan. Nan take wuri guda ya narke ya yi duhu, wani ɗan kafasita da bai kai ƙwayar gero ba. Ya miƙo mini hantsaki ya ce in cire da kaina. Hannuna na rawa na ɗauke shi. Aka mayar da batir, wayar ta kawo haske. Matar nan ta daɗe tana sa mana albarka, kuma daga baya kusan duk matan layinsu wurinmu suke kawo waya. Ranar na gane cewa sana'ar nan ilimi ce, kuma wanda ya san ta da gaske ba ya gogayya da masu canja sikirin kawai.

Ga yadda koyon yake tafiya, don kada ka zaci daga zuwa za a damƙa maka iPhone. Da farko kwance waya da mayar da ita za ka yi ta yi, har ka daina mantuwa da noti ko tsinka igiyar sikirin. Daga nan sai canja bakin caji, lasifika, makirfo da batir. Yawancin wayoyin da ke hannun mutanenmu Tecno ne da Infinix da Itel, kamfani ɗaya ne ma yake yin su, Transsion, kuma da yawansu bakin cajin yana kan ɗan ƙaramin fanel na daban, canja shi ba wuya. Cikin 'yan watanni, in kana da natsuwa, waɗannan ƙananan ayyukan za su fara ba ka na abinci da na mota. Inda kuɗin gaske yake kuwa shi ne aikin fanel: awo da mita (na'urar auna wuta), gano inda layi ya katse, ɗaga IC (ɗan guntun lantarki da ke manne a fanel) da iska mai zafi a mayar da shi daidai. Wannan yana ɗaukar shekaru, kuma nan ne ɗan Turancin da ka yi a makaranta zai yi maka rana, domin taswirar fanel da Turanci take, haka ma yawancin bidiyon masu gyara na Indiya da Pakistan da ke YouTube. Kada ka raina kallonsu da daddare. Sana'ar ba ta tsayawa wuri ɗaya. Jiya ƙaramin bakin caji ake yayi, yau Type-C ne, har iPhone ta koma kansa a 2023. Wanda ya daina koyo, yaransa za su wuce shi yana kallo.

Zane kuwa, ba zan ce ba a samu da shi ba. Akwai masu ci da shi, musamman waɗanda ke manne da gidajen ɗab'i, ko lokacin siyasa da fosta ke tashi. Amma ni da na sayi laftof da wannan niyyar, abin da na tarar shi ne kowa yana son aikin, ba mai son biya. Ɗan'uwa zai ce ka haɗa masa katin ɗaurin aure, ka kwana kana gyara masa launi, ya ce Allah ya yi albarka. Ga manhajar zane ta Canva a wayar kowa, ga manhajojin da ke zana hoto da kansu. Masu ba ka labarin dala a shafukan neman aiki na intanet irin su Fiverr da Upwork ba sa gaya maka cewa da 'yan duniya gaba ɗaya za ka yi takara, kuma sai Turancinka ya nuna sosai. Kuɗinka kusan duka laftof za ta cinye, ga data, ga wuta. In zuciyarka na can, ka fara da manhajar zane ta CorelDraw a kwamfutar shago in hannu ya yi sauƙi, ko ka nemi shiga shirin 3MTT na koyar da fasahar zamani da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 ƙarƙashin minista Bosun Tijani, wanda ba a biyan kuɗin koyo. Ba sai ka zuba jarinka a ciki ba.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne wanda za ka zauna a wurinsa. Kada ka biya kowa ko sisi sai ka je ka zauna a gefen teburinsa ka ga aikinsa, gani ya kori ji. Ka lura: in waya ta gagara, shi yake yi ko aikawa yake wani shago a ɓoye? Yaransa suna taɓa waya ko aikinsu sayo abinci da share shago? Ka tambayi maƙwabtansa yara nawa ya yaye, kuma ina suke yanzu. Maigidan kirki yana alfahari da nuna maka teburin yaronsa. Ka je da babanka ko yayanka a yi magana a gaban shaida, a faɗi kuɗin koyo, a faɗi tsawon lokaci, a rubuta. Ka roƙi a raba biyan gida biyu. Akwai masu karɓar kuɗin yaro a dunƙule, su mai da shi ɗan aike shekara guda, in ya yi ƙorafi su ce ba shi da ladabi.

Kayan aiki kuma kada ka yi gaggawar saye. Watannin farko da na maigida za ka yi aiki. Abin da za ka mallaka tun yanzu kaɗan ne: sukundireba masu kyau, hantsaki, burushi, mita, da ƙarfen like mai daidaita zafi. Na'urar iska mai zafi da ta ba da wuta da madubin ƙara girma, ka bari sai ka san abin da hannunka yake so. Sauran kuɗin ka ɓoye shi, shi ne kuɗin motarka da abincinka kafin ka fara samu, domin yunwa ce ke korar yawancin yara daga koyo, ba wuyar aikin ba. Ka ware kaɗan ka sayi matattun wayoyi da ake sayarwa a tsibi, a kansu za ka koyi like, ba a kan wayar mutane ba.

Ba ka tambaya ba, amma dole in ja maka kunne kan 'yan kasuwar da ba sa tsoron Allah. Ranar da za ka sayi kayan aiki, ka tafi da wanda ya sani. Za a ɗauko maka tsohuwar na'ura da aka goge aka sa a sabon kwali. Ka sa a jona ta a gabanka, ka ga ta yi zafi, ka ga tana riƙe zafin. Sikirin ma hawa-hawa ne. Akwai Samsung da asalin sikirinsu irin mai tsadan nan ne da ake kira AMOLED, sai a sayar maka da na jabu a kuɗin na asali. Ka saka wa kwastoma, launi ya dusashe, wurin ɗora yatsa ya daina aiki, kai za a zaga ba mai kayan ba. Batir kuma ana liƙa wa tsoho sabuwar takarda. Araha ba ta ado. Ka riƙe dila ɗaya mai amana wanda in kaya ya ba da matsala zai karɓa ya canja. In ma ka ƙi shawarata ka tafi sayen laftof, to ka sani ba duk wadda aka ce maka daga Landan take ba ce ta ga Landan. Ka zare caja ka ga minti nawa batir zai yi, ka karɓi rasit mai sunan shago.

Sai kuma masu sayar da kwas a WhatsApp, masu hoto a jikin motar da ba tasu ba, suna cewa ka biya kaza su koya maka samun dubbai kullum kana kwance. Duk wanda ya ce sai ka kawo mutum biyu kafin ka fara samu, ba sana'a yake koyarwa ba. Mun ga MMM a ƙarshen 2016, mun ga CBEX a watan Afrilun 2025, duka tsare-tsaren zuba kuɗi ne da suka rushe da kuɗin jama'a, mutane suka yi ta kuka. Kuɗin da ka sha wuya ka tara, kada ka miƙa shi ga wanda ba ka san ƙofar shagonsa ba.

Ita ma sana'armu tana da nata wahalar. Zama ne na wuni guda a sunkuye, baya yana ciwo, ido yana gajiya, hayaƙin dalma kuma ba abin shaƙa ba ne, ka zauna inda iska ke ratsawa. Batir da ya kumbura kada ka soke shi da ƙarfe, yana kamawa da wuta. Wata rana waya za ta mutu a hannunka, kuma dole ka biya. Abin da ya fi waɗannan haɗari shi ne wayar sata. Wani zai zo da waya a kulle ya ce ya manta lamba, a cire masa makullin Google ko a goge ta. Ka ce ya kawo kwali ko rasit, ka duba lambar shaidar waya, wato IMEI, mai lamba 15 da ke jikin wayar ka gwada da ta kwalin; in wayar a buɗe take, *#06# za ka danna ta fito. In ya fara kame-kame, ka miƙa masa abarsa cikin mutunci. Ribar aiki ɗaya ba ta kai kwanan ofishin 'yan sanda ba. Ka ajiye littafi: sunan mai waya, lambarsa, irin wayar, abin da ya same ta, nawa aka yi. Sirrin mutane kuma yana hannunka, hotunan iyalinsu da saƙonninsu. Kada ka buɗe abin da gyara bai kai ka ba, kada ka cire wa mutum kayansa na asali ka sa masa jabu. A kasuwa labarin mai cin amana ya fi na gwani saurin yaɗuwa.

In an yaye ka, ba lallai ka nemi teburi a cikin Farm Centre ba, inda haya ke da tsada kuma gwanaye suka yi yawa. Ka duba unguwarku, ko bakin tasha, ko kasuwar ƙauye da ke ci mako-mako, inda mutum sai ya hau mota kafin ya sami mai canja masa bakin caji. Ka haɗa da caja, kaba, iyafis da gilashin kare sikirin, su ne ke riƙe ka ranar da gyara bai zo ba. Ɗan ƙaramin sola da batir ɗaya sun isa su tafiyar da teburinka, har ka riƙa yi wa mutane caji. Ka shiga adashi da abokan sana'a, in ka kwasa ka sayi na'ura ɗaya, ba sabuwar waya ba.

Makon nan ka zaɓi shaguna uku ka je ka zauna ka kalla, kada ka ɗauki kuɗi a aljihu. Wanda ka ga hankalinka ya kwanta da shi, sai ka koma da babba a yi magana. Allah ya sa albarka a nema.