Kwas ɗin Tarihi kala-kala ne, ga wanda zan ce ka ɗauka

Duk wanda ya ce Tarihi zai karanta a jami'a, tambayar farko da ake jefo masa ita ce "to in ka gama aikin me za ka yi?" Tambayar tana kan hanya, sai dai amsar ta danganta da wane irin Tarihin ka ɗauka, don yanzu jami'o'i sun rarraba shi, akwai Tarihi zalla, akwai wanda aka haɗa da hulɗar ƙasa da ƙasa, akwai na koyarwa, akwai na tonon kufai, wato haƙo kayan mutanen da suka shuɗe daga ƙasa don a yi nazarinsu, sannan akwai wanda aka haɗa da aikin adana takardu.

Na koyarwa ba sai na ja zance ba, in kana son aji da ɗalibai ɗauki abinka. Tonon kufai sai mai jure rana da ƙura, kuma guraben aikinsa ba su da yawa. Tarihi zalla ya dace da wanda ya riga ya yanke cewa zai zarce digiri na biyu da na uku ya zama lakcara, ko zai karkata zuwa aikin lauya, a Amurka ma ai ba a karanta shari'a a digirin farko, sai ka gama wani kwas ɗin tukuna ka shiga makarantar lauyoyi ta shekara 3, kuma 'yan Tarihi sun saba bin wannan hanyar. Shi kuwa na hulɗar ƙasa da ƙasa suna ne kawai ke ɗibar yara, kowa na hango kansa jakada da tuta a gaban mota, alhali aikin jakadanci ta jarrabawa ake shigarsa, wanda ya karanta lissafi ma in ya ci ya wuce ka.

Ni dai nawa zaɓin shi ne Tarihi da adana takardu, kuma ba zan ɓoye ba son kai zan yi masa. Dalili, shi ne kaɗai a cikinsu da kake fita da sana'a a hannunka bayan abin da ke kanka. Za a ajiye maka kwali cike da tsofaffin fayiloli, a karɓe maka biro a ba ka fensir don kar tawada ta taɓa takarda, ka zaro wasiƙa rubutun hannu wadda ta yi ja don tsufa, babu kwanan wata, sa hannun ma ya goge rabi, a ce ka gano wa ya rubuta, wa ya rubuta wa, yaushe, kuma me yake son ya ɓoye. Daga nan ka ba ta lamba, ka shigar da ita a kundi yadda wani zai zo bayan shekara 50 ya same ta cikin minti biyar, ka ɗauki hotonta ka adana a kwamfuta. Wannan aikin ba gidan tarihi kaɗai ke nemansa ba. Kotu na da takardu, banki na da su, asibiti, gidan rediyo da tsofaffin kaset-kaset ɗinsa, ofishin filaye inda takarda ɗaya ke raba rigimar shekaru. Ka tuna rubuce-rubucen Timbuktu da aka kwashe a ɓoye zuwa Bamako lokacin rikicin Mali na 2012, bayan an tsira da su sai da aka nemi masu iya karantawa da jerawa da ɗaukar hoto. Babban laburaren Birtaniya ma tun 2004 yake da shirin tallafa wa masu ceto takardun da ke neman lalacewa a ƙasashe daban-daban. In ka haɗa da yare ɗaya, Larabci ko Faransanci ko duk yaren da takardun da kake so suke ciki, wallahi ka yi wa sa'o'inka nisa.

Amma kar sunan kwas ya ruɗe ka. Kafin ka cike fom nemi ɗalibin aji uku na sashen ka tambaye shi abu ɗaya: ka taɓa riƙe takardar asali da hannunka? In ya fara kame-kame to ka gane. Akwai sashen da za ka shekara huɗu lakcara na karanto muku tsohon littafinsa kuna kwafa, ranar jarrabawa ku mayar masa da kayansa.

Sai batun 'yan damfara, nan ne nake so ka buɗe kunne, don an taɓa cin kuɗina a wani kwas na intanet wai na adana takardu a kwamfuta, bidiyoyi ne da aka tsinto daga nan da can, satifiket ɗin kuma da na kai wajen neman aiki ko minti ɗaya bai yi a hannun mai dubawa ba. Abin ba ƙarami ba ne, a 2015 jaridar New York Times ta bankaɗo wani kamfani a Karachi ta Pakistan mai suna Axact da ke da ɗaruruwan shafukan makarantun bogi yana sayar da digiri ga mutane a faɗin duniya. Alamominsu kusan iri ɗaya ne. Za su ce maka digiri cikin wata uku, ko su ce gogewarka ta rayuwa ta isa a ba ka shaida ba sai ka yi karatu ba, sunan makarantar ya yi kama da na wata sananniya an sauya kalma ɗaya, hotunan malamai duk na aro, kuma kullum "rangwamen yau ne ƙarshe". Har hukumar tantancewa ta ƙarya suke ƙirƙira su ce ita ta amince da su, don haka kar ka duba a shafinsu, je ka jerin hukumar ilimi ta ƙasar da suka ce suna ciki ka nemi sunan da kanka.

'Yan damfarar suna nan kuma a bakin fita daga makaranta. Masu rubuta wa ɗalibi kundin kammalawa su cika shi da majiyoyin da babu su, mujallun da ke buga komai in dai ka biya, da masu turo saƙo wai an ɗauke ka aiki a UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ka turo kuɗin fom. Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta karɓar kuɗi a kowane mataki na ɗaukar ma'aikata, duk wanda ya nemi ka tura toshe lambarsa.