Tsohon keken obalok: abin da na gani bayan na yi aiki da shi

Gaskiya tsohon keken obalok, wato keken da ke yanke bakin yadi ya naɗe shi da zare, yana da kyau, amma fa sai in ka san wane iri ne a hannunka, in ba haka ba wahala kawai za ka sha. Nawa na hannu ne, sunan kamfanin da ke gaba duk ya goge, ba littafin bayani, ba komai sai keken da fedarsa. Jikinsa ƙarfe ne zalla, nauyi kamar me, kuma shi ne abin da ya fara burge ni don in yana gudu ba ya rawa a kan tebur irin na roban nan na yanzu.

Abu na farko, ka juya shi ka duba baya ko ƙasa, akwai ɗan faranti da aka buga lambar model da siriyal da kuma wutar da yake sha. Lambar model ɗin ita ce komai, da ita na nemo littafinsa a intanet, ba da sunan ba. Maganar wuta kuma kar a yi wasa da ita, kekunan da aka yi wa kasuwar Japan 100V ne, na Amurka 110 zuwa 120, in wutarku 220 ce ka jona kai tsaye to motar ta tafi kenan, dole sai da transifoma. Nawa a Japan aka ƙera shi, kuma ba mamaki don can ne aka fara yin ƙananan obalok na gida a shekarun 1960, irin su Baby Lock, duk da shi ɗinkin obalok ɗin kansa kamfanin Merrow na Amurka ne ya fito da shi tun 1881.

Sai ka ƙirga sandunan zare da wurin allura. Zare 3 allura ɗaya, galibi gyaran baki yake yi kar yadi ya zare. Zare 4 allura biyu, wannan yana haɗa yadi ya gyara baki lokaci guda, irinsa ne nawa. Amma a lura, wasu tsofaffin masu zare 4 ba irin ɗinkin na yanzu suke yi ba, layi biyu suke fitarwa daban, sarƙa a ciki obalok a baki, to ka ɗinka ƙyalle ka juya bayansa ka gani kafin ka yanke hukunci.

Inda na fi daɗewa shi ne allura. Mutane suna ɗauka duk allura ɗaya ce, wallahi ba haka ba ne. Wasu suna cin allurar keken gida, HAx1, wasu ELx705, wasu tsofaffin DCx1 mai zagayayyen gindi, wasu daga cikin kekunan Singer 14U kuma allurar 2054. Tsawonsu ba ɗaya ba ne, in ka sa wadda ba tasa ba lufa, wato ɗan ƙarfen da ke saƙa zare a bakin yadi, ba za ta kamo zaren ba, sai ka ga yana tsallake ɗinki ko allurar ta dinga bugun lufa tana karyewa, kai kuma kana ta murɗa tenshan, abin da ke daidaita matsin zare, a banza kana zagin keke. Da na samu wadda littafin ya ce na tura ta sama har ƙarshe, tsallaken ya ɗauke gaba ɗaya.

Saka zare kuwa sai haƙuri. Na zamani wasu har da iska suke tura zaren cikin lufa, wannan kam matsefata ce da idonka, musamman lufar ƙasa da take ɓoye can ciki. Akwai tsari, a nawa lufar sama, sai ta ƙasa, sannan allura, in zaren lufar ƙasa ya tsinke dole ka cire na allura ka sake, in ka ƙi zai yi ta tsinkewa. Ni yanzu ɗaura sabon zare nake a jikin tsohon in sassauta tenshan in ja a hankali, ƙullin kawai nake yankewa a bakin allura. Kuma in za ka gyara tenshan ka sa zare kala huɗu daban, nan take za ka ga wanda ya yi sako-sako.

Da ya zo hannuna da ƙyar yake juyawa, tsohon mai ya daskare ga tarin auduga a ciki. Burushi da farin man keke kawai na sa, na dinga juya shi da hannu har ya saki. Wuƙarsa ma ta dakushe tana tauna yadi maimakon yanka, na canza ta ƙasa shi kenan, kuma nan ma da lambar model na samo ta. Wannan shi ya sa nake cewa kafin ka karɓi tsohon keke ka fara bincika ko ana samun wuƙarsa, in babu to ado ka ajiye. Fil kuma kar ka bari ya kai bakin wuƙa.

Abin da ban ji daɗinsa ba, ba shi da abin nan da ke bambanta gudun haƙoran jan yadi na gaba da na baya, saboda haka yadi mai talewa irin na tishat bakinsa yana fitowa a lanƙwashe, sai ka rage matsin ƙafar da ke danne yadi kana tura yadin a hankali, kuma ko da haka ba ya kai na sabon keke kyau. Fitilarsa ma ba haske, ga ƙara. Amma a yadin auduga da jins da leshi mai zarewa ba ni da ƙorafi ko kaɗan, ɗinkin a mike yake tsaf. Wanda aikinsa yadi mai talewa ne ya nemi sabo, wanda kuma gyaran baki yake so a yadi mara talewa, tsohon ya ishe shi.