Bin ubangida ko shiga makaranta, wanne ya fi musu?

Jama'a, yarinya 'yar unguwar Rigasa a Kaduna ko matashi mai lalurar gani ko ta ƙafa da ke son aikin rediyo ko fim, hanya biyu ce a gabansu. Ko dai a bi ubangida, ana ɗaukar masa jaka da wayar kyamara a lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, har a iya, ko a shiga makaranta, irin sashen koyon aikin jarida na Kad Poly (kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna) ko KASU (jami'ar jihar Kaduna), ko kwalejin talabijin ta NTA da ke Jos.

Bin ubangida ba kuɗin makaranta kuma hannu na saurin faɗawa, amma wallahi ba kowa ubangida yake ɗauka ba. Sai a kai sha biyun dare ana shutin, wane uba ne zai bar 'yarsa a can? Mai keken guragu kuwa benen situdiyo kaɗai ya ishe shi, ga shi sai kana da wanda ya tsaya maka.

Makaranta akwai tsada gaskiya, wani lokacin ma kayan aikin sun tsufa, amma akwai takarda, ana tura ɗalibi koyon aiki gidan rediyo, iyaye kuma hankalinsu ya fi kwanciya. Ni dai ita nake zaɓa musu, in masu hali za su ɗauki nauyin rajista da kuɗin mota.