Gargaɗi ga masu shirin hutun amarci a Zanzibar: ku yi hattara da ejan ɗin Instagram

Jama'ar Abuja, musamman angwaye da amare da iyayen da ke taya su biya, akwai wata mata da ke tallar tafiya hutu Zanzibar a Instagram da WhatsApp, tana karɓar kuɗin mutane tana tura musu takardun da ba za su kai kowa ko ƙofar jirgi ba. Na ce mata ne don muryar mace ake ji a waya, amma yadda aikin ke tafiya, da wuya a ce hannu ɗaya ne. Ba zan kama sunan shafin ba, don maganar tana gaban hukuma, kuma sunan ma ba zai amfane ku ba, tunda canza shi suke yi. Salon aikin ne ba ya canzawa, shi nake so ku gane.

Tallar ita ce: kwana 5 a Nungwi, mutum biyu, tikitin zuwa da dawowa daga Abuja, otal a bakin teku, abinci sau uku, motar ɗauko ku daga filin jirgi, yawo a cikin kwalekwale da rangadin tsohon birni, duka a kan naira miliyan 1 da dubu 600. Sai ta ɗora da abin da ya fi kama zuciyar mutanenmu: wai tsari ne na halal zalla, babu giya a otal, akwai wurin ninƙaya na mata kawai, akwai wanda zai raka ku masallaci ranar Juma'a. In ka kira ta, da cikakkiyar sallama take ɗauka, kowace jimla da in sha Allah a ƙarshenta.

Zanzibar dai gaskiya ce, kuma ba laifin mai sha'awarta. Tsibirai ne a tekun Indiya, manyan su ne Unguja da Pemba, sun haɗe da Tanganyika a 1964 aka samu ƙasar Tanzaniya. Nungwi na can ƙarshen arewacin Unguja, kimanin kilomita 60 daga filin jirgin Abeid Amani Karume, farin rairayi da ruwa garai-garai, kuma a can da Kendwa da ke maƙwabtaka da ita ruwan ba ya janyewa da nisa kamar yadda yake yi a Paje ta gabas, inda za ka ga mata suna noman ciyawar teku in ruwa ya ja baya. Tsohon birnin da ake kira Stone Town yana cikin wuraren tarihi na UNESCO tun shekarar 2000. Mafi rinjayen mutanen tsibirin Musulmi ne, masallatai ko'ina, naman kasuwa yankan Musulmi. Wato rabin abin da take sayar muku da sunan halal, kyauta yake a garin. Sauran rabin kuwa, manyan otal-otal na Nungwi da Turawa suka fi cika su, yawancinsu suna sayar da giya, don haka duk wanda ya ce maka nasa babu, ya faɗi sunan otal ɗin ka bincika da kanka.

Wanda abin ya faɗa wa a gidanmu ɗan yayata ne, yana zaune a Kubwa, aka sa bikinsa a Disamba. Ya biya rabi a matsayin kafin alƙalami, da yamma sai ga takardu a wayarsa. Ya turo mini da murna, ya ce, "Kawu, ka ga har tikiti ya fito, na ma shiga shafin kamfanin jirgin na duba, sunana da na amarya suna nan."

Gaskiya ya faɗa, suna nan. A nan ne damfarar ta fi ƙarfi, kuma a nan ne masu wayo ma suke faɗawa.

Duk wanda ke da damar shiga manhajar da ejan-ejan ke amfani da ita zai iya kama maka kujera a jirgi ba tare da ya biya ko sisi ba. Na'ura za ta fitar da lambar ajiya mai haruffa da lambobi guda 6, wadda ake kira PNR, tare da sunanka da ranar tashi da lambar jirgin. Ka sa wannan lambar a shafin kamfanin jirgi, za ka ga komai tsaf. Amma ajiya ce kawai, tana da wa'adi, wani lokaci kwana ɗaya, wani lokaci 'yan kwanaki, in ba a biya ba na'urar ta soke ta da kanta. Tikitin da aka biya yana da wata lamba dabam mai alƙaluma 13, ukun farko na kamfanin jirgin ne. Na jirgin Habasha, wanda shi ne akasarin masu zuwa Zanzibar daga Abuja ke bi ta Adis Ababa tunda babu jirgin kai tsaye, da 071 yake farawa. Takardar ɗan yayata tana da tambari, tana da launi, har da nauyin kayan da aka yarje masa, amma gurbin lambar tikiti wayam. Kuma da ya sake dubawa bayan mako guda ya ga ajiyar ta ɓace, sai ta ce masa na'urarsu ce ke ba da matsala, ta kama masa sabuwa da sabuwar lamba, hankalinsa ya sake kwanciya. Haka za su iya yi maka har ranar tafiya.

Ko lambar mai 13 ɗin ma, kada ka tsaya ga ganinta a takarda. Ejan na iya fitar da tikiti na gaske, ya ɗauki hotonsa ya turo maka, ya soke shi a ranar ba tare da ya yi asara ba. Ka bari a kwana biyu, sannan ka kira ofishin kamfanin jirgin, ko ka je teburinsu a filin jirgin Nnamdi Azikiwe, ka tambaya ko an biya tikitin kuma yana raye. Tambaya ce ta minti biyu, ba sa karɓar kuɗi a kanta.

Otal ma haka. Shafukan kama ɗaki da yawa suna ba ka damar ajiyewa yanzu ka biya in ka iso, ka kuma soke kyauta. Ta kama ɗaki da sunansa, ta turo masa shaidar, ta soke. Da muka rubuta wa otal ɗin ta adireshin da ke shafinsu na ainihi, amsar gajeriya ce: an yi ajiya da wannan sunan, an soke ta washegari, ba a biya komai ba. Bidiyon da ta yi talla da shi kuwa, mai jerin ɗakuna a kan turaku cikin ruwa, da ƙanwar ango ta bi sawun hoton a Google sai ga shi na wani otal ne a tsibiran Maldib. Ba ma nahiya ɗaya ba.

Sai maganar biza, wadda ita kaɗai ta isa ta tona asirin tallar. Ta ce masa kada ya damu, a filin jirgi ake bugawa, dala 50. Wannan gaskiya ce ga 'yan ƙasashe da yawa, ban da mu. Tanzaniya ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da sai an tura takardun mutum zuwa ga shugabannin hukumar shige da ficenta sun amince kafin ya taso, kuma hukumar na ba da shawarar a nema tun da sauran kamar wata biyu. Mai fasfon Najeriya da ya je filin jirgi babu wannan amincewar, tun daga teburin awon kaya za a iya dakatar da shi. Saboda haka duk wanda ya ce maka ka biya yau ka tashi mako mai zuwa, biza ba matsala, ko dai bai san aikin ba ko ya san abin da yake yi, kuma duka biyun ba mutanen da za ka ba kuɗinka ba ne.

Da suka ga rabin farko ya shiga lafiya, sai aka shiga zagaye na biyu. Ta kira shi da muryar damuwa, "Ango, ka yi haƙuri, gwamnatin can ta fito da sabuwar doka ta inshorar dole, sai an ƙara dubu 350 kafin gobe." Dokar akwai ta. Tun ranar 1 ga Oktoba 2024 duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya sayi inshora daga kamfanin inshorar gwamnatin tsibirin, dala 44 ga babban mutum, kuma da kanka za ka iya biya a shafinsu na intanet su turo maka shaida. Ku lissafa dala 88 na mutum biyu a kan canjin ranar, ku ga tazarar. Haka suke yi da komai: su ɗauko gaskiya ƙarama su rataya mata kuɗi babba. Har katin rigakafin zazzaɓin shawara, wanda ake nema ga mai fitowa daga Najeriya, ta ce ya ba da kuɗi a yi masa ba sai ya je ba. Katin nan sai an yi maka allura a ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa ake ba ka, kuma sai ta kwana 10 kafin a ɗauke ta a matsayin mai aiki. Wanda ya sayo na bayan fage, shi za a riƙe a bakin iyaka, ba ejan ba.

Kuɗin inshorar nan ne ya sa mahaifiyarsa ta ce ita fa ba ta gane ba, a je a ga ofishin da ido. Adireshin da ke shafin na wani rukunin shaguna ne a Wuse II, hawa na biyu. Muka hau. Lambar shagon tana nan daram, amma leshi da atamfa ake sayarwa a ciki. Yarinyar shagon ko mamaki ba ta yi ba, ta ce, "Baba, ku ma na Zanzibar ɗin ne?" Daga ranar wayar matar ta daina shiga, kafin dare ta toshe shi a WhatsApp.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne asusun da ya tura kuɗin. Sunan wani namiji ne, ba na kamfani ba, a ɗaya daga cikin bankunan waya. Da ya tambaya tun farko, ta ce na akawunsu ne, asusun kamfani yana da matsala. Wannan jimlar kaɗai ta isa mutum ya mayar da wayarsa aljihu. Ta kuma turo masa hoton takardar rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, wadda ko ta gaske ce abin da take nunawa shi ne an yi wa suna rajista, ba ta ce mai sunan yana da amana ba. Ana iya duba sunan kyauta a shafin hukumar, a ga ko ya yi daidai da sunan asusun. Ejan na ƙwarai yana da ofishin da za ka zauna a ciki, da yawansu suna cikin NANTA, ƙungiyar ejan-ejan tafiye-tafiye ta Najeriya, ko suna da lambar IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, kuma ba ya jin haushi don ka ce za ka tabbatar. Ita kuwa da ya yawaita tambaya sai ta ce, "Haba ango, 'yar uwarka Musulma za ta cuce ka?"

Farashin ma bai kamata ya wuce ba a tsaya. Disamba da Janairu lokacin cikowar baƙi ne a Zanzibar, kamar Yuli da Agusta, ɗaki na tsada, jirgi na tsada. Arahar gaske tana zuwa ne daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ake tafka ruwan sama har wasu otal-otal kan rufe. Da muka duba kuɗin jirgi na mutum biyu a ranakun da ta ba shi, shi kaɗai ya zarce abin da ta nema na tafiyar gaba ɗaya. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Kuma kada yabon da ke ƙarƙashin hotunan ya ruɗe ku. "Mun dawo lafiya, Allah ya saka da alheri Hajiya," irin wannan birjik. Ka taɓa sunayen masu yabon, za ka tarar shafuka ne marasa hoto ko waɗanda aka buɗe kwanan nan. Waɗanda aka cuta kuwa yawanci shiru suke yi. Ango ya riga ya cika baki a gaban dangin amarya, amarya ta gaya wa ƙawaye har ta ɗinka kayan bakin teku, wa zai fito ya ce an wanke shi? Shi ya sa suka fi son masu aure a kan kowa, sun san kunya za ta rufe musu asiri. Ɗan yayata ma sai da uwarsa ta matsa kafin ya yarda a kai ƙara.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada ya ɓata lokaci wajen roƙonta ko zaginta. Ya kira bankinsa nan take ya ce damfara ce, ya bi da ƙorafi a rubuce, don a nemi bankin da kuɗin ya shiga ya sa ido a kan asusun kafin a kwashe. Ya adana rasit, da hirarsu, da saƙonnin murya, da hoton shafin kafin su goge. Sannan ya kai wa EFCC, hedikwatarsu na Jabi, ko sashen 'yan sanda mai kula da laifukan intanet. Dokar 2006 kan karɓar kuɗi ta hanyar yaudara ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20, ba tare da zaɓin tara ba. Ba zan ce muku kuɗin na dawowa da sauƙi ba, namu har yau bai dawo ba, amma in masu ƙara suka yi yawa a kan asusu ɗaya, maganar ta fi nauyi.

A halin yanzu shafin farko ya ɓace. Wani sabo ya fito da suna dabam, yana tallar hutun Sallah a Diani da ke kudu da Mombasa a Kenya, har da rangwame ga iyali mai yara. Bidiyon ɗakunan kan ruwa shi ne dai, muryar da ke magana a kai ita ce dai, lambar waya da asusun ne kawai sababbi. Na ga wasu 'yan Gwarimpa da Lugbe suna tambayar farashi a ƙasa. Wanda ya san su ya tura musu wannan.